Kun Tambaya, Mun Amsa: Wai Hitila bai san za a taru a kansa ba ne?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon kusan duk wasiƙun da suka shigo kan Yaƙin Duniya na Biyu suke, kuma duk wuri ɗaya suke kewayawa, wato ya aka yi Hitila ya kasa hango martanin da manyan ƙasashe za su mayar masa. Na zaɓi guda biyar, wasu zan daɗe a kansu wasu kuma gajeruwar amsa ta wadatar.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni abin da ke ɗaure min kai, ana ta cewa Hitila mutum ne mai wayo, to ya aka yi ya afka wa Folan a 1939 alhali Ingila da Faransa sun fito fili sun ce duk wanda ya taɓa ta za su shigar mata? Bai ji ba ne, ko kuwa raini ne? Daga wani ɗalibi mai karanta tarihi.

AMSA: Ɗan'uwa ya ji sarai, raini ne, amma fa rainin ba haka kawai ya faɗo daga sama ba, su da kansu suka koya masa shi a hankali a hankali har shekara kusan biyar. Duba ka gani. Ya hau mulki a Janairun 1933. A Maris ɗin 1935 ya fito ya ce Jamus za ta koma ɗaukar soja na dole, abin da yarjejeniyar Basai ta 1919, wadda aka yi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta haramta mata ƙarara, aka yi surutu a jarida aka rubuta takardun ƙorafi shikenan, kai wata uku bayan nan ma Ingila ta zauna da shi suka sa hannu kan yarjejeniyar jiragen ruwan yaƙi. Ranar 7 ga Maris 1936 ya tura soja yankin Rhineland na yammacin Jamus, kusa da iyakar Faransa, wanda aka ce kada sojan Jamus ya taka, kuma a lokacin sojan Faransa sun fi nasa yawa nesa ba kusa ba, janar-janar ɗinsa ma hankalinsu a tashe yake, amma Faransa ko motsi ba ta yi ba. Maris 1938 ya haɗiye Ostiriya. Satumbar 1938 aka zauna a Munik, shi da Chamberlain firaministan Ingila da Daladier na Faransa da Musolini na Italiya, aka yanke yankin Sudeten daga Cekoslobakiya aka miƙa masa, masu ƙasar ko kujera ba a ba su a teburin ba. To mutumin da ya gwada sau huɗu duk yana sha, kowane karo masu ba shi shawara na cewa a yi hattara shi kuma yana cewa ba abin da za su yi, kuma maganarsa na fitowa daidai, ya kake zaton zai ɗauki gargaɗi na biyar?

Shi ya sa ranar 22 ga Agusta 1939 da ya tara manyan hafsoshinsa a gidansa na kan dutse a Obersalzberg, waɗanda suka rubuta abin da ya faɗa sun ruwaito ya ce abokan gabarsa ƙananan tsutsotsi ne, ya gan su a Munik. Washegari, 23 ga wata, ministansa na harkokin waje Ribbentrop ya sa hannu a Mosko kan yarjejeniyar rashin kai wa juna hari da Sitalin shugaban Tarayyar Sobiyet, wato Rasha, har da ɓoyayyen sashe na yadda za su raba Folan. A lissafinsa tunda Rasha ta fita daga sahu, Ingila da Faransa ba su da ta inda za su kai wa Folan ɗauki, kuma mutum ba ya shiga yaƙi saboda wanda ba zai iya ceta ba.

Inda ya yi kuskure shine bai gane abin da shi da kansa ya yi ranar 15 ga Maris 1939 ba. A ranar ya shiga Prague, babban birnin Cekoslobakiya, ya mamaye sauran ƙasar Cek, wata shida kacal bayan ya ce Sudeten ce buƙatarsa ta ƙarshe a Turai. Kafin wannan rana kullum hujjarsa ita ce Jamusawa yake tattarowa su koma gida ɗaya, kuma mutane da yawa a Ingila suna ganin ai yarjejeniyar Basai ta zalunci Jamus dama, a bar shi ya gyara. Amma mutanen Prague ba Jamusawa ba ne. Daga ranar hujja ta ƙare, aka gane mutumin nan ba shi da inda zai tsaya kuma sa hannunsa ba ya nufin komai. Ranar 31 ga Maris Chamberlain ɗin nan dai da ake kira tsutsa ya tsaya a majalisa ya yi wa Folan alkawarin kariya, a Afirilu kuma gwamnatinsa ta sanar da ɗaukar soja na dole ba tare da ana yaƙi ba, abin da Ingila ba ta saba yi ba. Alamu kenan a fili. Shi Hitila yana kallon Danzig, garin bakin teku da yake taƙaddama da Folan a kansa, yana cewa wa zai mutu saboda gari ɗaya da yawancin mutanensa ma Jamusawa ne, su kuma tuni sun daina kallon Danzig, abin da suke gani shine in aka bar shi ya cinye gabas gobe su zai juyo wa, gara a yi ta yanzu.

Kuma ni a ganina babban abin da ya kasa fahimta shine dalilin haƙurin nasu tun farko. Faransa ta rasa soja kusan miliyan 1.4 a yaƙin 1914 zuwa 1918, Ingila sama da 700,000, kusan kowane gida akwai wanda bai dawo ba. Shugabannin da suka ga wannan suna gudun sake jefa 'ya'yan mutane a wuta, kuma suna sayen lokaci su gina jiragen sama. Shi ya fassara gudun yaƙi da rashin iya yaƙi. Wallahi abu biyu ne daban.

An ma ba shi dama ta ƙarshe ya farga. Ranar 25 ga Agusta Ingila ta sa hannu kan cikakkiyar yarjejeniyar tsaro da Folan, a ranar kuma Musolini ya aiko cewa Italiya ba ta shirya ba. Hitila ya girgiza har ya dakatar da harin da aka shirya yi washegari, amma kwana kaɗan ya sake lallashin kansa cewa barazana ce kawai. 1 ga Satumba ya shiga Folan. Safiyar 3 ga wata jakadan Ingila ya kawo takardar wa'adi, tafintan Hitila Paul Schmidt ya ba da labarin cewa da ya gama fassara masa sai ya yi shiru ya ƙame a kujera, can ya juya ya harari Ribbentrop ya ce, yanzu kuma sai yaya? Ƙarfe 11 na safe Ingila ta shiga yaƙi, ƙarfe 5 na yamma Faransa ta biyo.

Don a yi adalci, rabin lissafin nasa ya fito. Ba su ceci Folan ba, Faransa ta ɗan leƙa yankin Saar ta koma, Rasha ta shigo ta gabas ranar 17 ga Satumba, cikin sati biyar Folan ta faɗi, kuma abin da mutanenta suka gani bayan nan ba ya faɗuwa, kusan mutum miliyan 6 suka halaka kafin a gama, kimanin rabinsu Yahudawa. Amma ɗan ƙaramin yaƙin da ya so ya yi ya gama cikin wata guda ya zama babban yaƙin da bai shirya masa ba. Rundunar ruwansa an tsara ne ta kammala shiri sai tsakiyar shekarun 1940, ranar da aka fara jiragen ƙarƙashin ruwa 57 kawai gare su.

TAMBAYA: Malam ni kuma tawa, bayan ya ci Faransa a 1940 me ya hana Ingila ta yi sulhu? Ai ita kaɗai ta rage. Daga wata 'yar'uwa.

AMSA: Malama tambayar da shi ma Hitila ya yi ta yi wa kansa kenan duk bazarar 1940. Ya kai hari yamma ranar 10 ga Mayu, ranar da Cocil ya zama firaministan Ingila, 14 ga Yuni sojansa na cikin Faris, 22 ga Yuni Faransa ta sa hannu. Sojan Ingila sun tsira ta Dunkirk a gaɓar tekun Faransa, mutum kusan 338,000 har da Faransawa, amma sun bar tankoki da manyan bindigogi da motoci a bakin teku. A tunaninsa duk mai hankali a nan zai nemi a zauna, kuma tayin da yake da shi a ransa shine ku riƙe daularku ta ƙetare ku bar min Turai.

Kuma kada ki ɗauka ba a yi tunanin hakan a Landan ba, a ƙarshen Mayu ƙaramar majalisar yaƙi ta yi kwanaki tana muhawara, Halifax ministan waje yana ganin a ji ta bakin Musolini ko zai shiga tsakani, Cocil ya ƙi kuma ra'ayinsa ya yi rinjaye. Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne, da wa za a yi sulhun? Da mutumin da ya karya na Munik cikin wata shida? Duk takardar da zai sa wa hannu za ta bar shi da tashoshin ruwan Faransa da Beljiyam da Holan suna kallon Ingila, ya huta ya gina jiragen ruwa ya dawo. Ga shi kuma ɗaruruwan shekaru siyasar Ingila ita ce kada ƙasa ɗaya ta mallake Turai, abin da ta yaƙi Nafoliyon a kai kenan. Sannan ba ita kaɗai ba ce kamar yadda ake faɗa, tana da rundunar ruwa wadda ta Jamus ba ta kama ƙafarta ba, tana da Kanada da Ostareliya da Indiya da sauran ƙasashen da take mulka, tana kuma sa ran Amurka.

Ranar 3 ga Yuli jiragen ruwan Ingila suka buɗe wa na Faransa wuta a Mers el-Kebir a gaɓar Aljeriya don kada su faɗa hannun Jamus, sojan ruwan Faransa kusan 1,300 suka mutu, jiya-jiya abokan juna. Wanda ya yi wannan ba sulhu yake nema ba. Duk da haka 19 ga Yuli Hitila ya tsaya a majalisarsa ya yi tayin zaman lafiya, aka yi watsi da shi cikin kwanaki. Ya gwada ta sama bai samu galaba ba, a tsakiyar Satumba ya ɗage shirin tsallaka teku, ɗagewar da ba a sake komawa kai ba.

TAMBAYA: To Malam in Ingila ta gagare shi, wane irin tunani ne zai sa ya ƙaro Rasha, sannan ya ƙaro Amurka a shekara ɗaya? Daga wani mai karatu.

AMSA: Yauwa, a nan za ka ga yadda kuskure ɗaya ke haifar da wani. Ƙarshen Yulin 1940 ya gaya wa hafsoshinsa cewa Ingila ta ƙi sakin jiki ne saboda tana sa rai da Rasha da Amurka, in aka murƙushe Rasha fatanta ya ƙare. Wato maimakon ya yarda bai fahimci Ingila ba sai ya ƙirƙiro wani bayani da zai ba shi damar yin abin da dama shi ne burinsa tun shekarun 1920, ƙwace ƙasar noma da man gabas da bautar da mutanenta, don a aƙidarsa su ba cikakkun mutane ba ne. Wannan aƙidar ce ta makantar da shi, in ka riga ka yanke cewa mutum ƙasa yake da kai ba za ka iya auna ƙarfinsa daidai ba.

Yana da abin da yake kafa hujja da shi kam. Sitalin ya karkashe manyan hafsoshinsa a 1937 da 1938, kuma sojan Sobiyet sun sha wuya a hannun 'yar ƙaramar Finlan a hunturun 1939 zuwa 1940. An ruwaito yana cewa ƙofar kawai za a doka ruɓaɓɓen ginin ya rushe. Ranar 22 ga Yuni 1941 ya tura soja sama da miliyan 3, an tsara a gama cikin 'yan watanni, shi ya sa ko kayan sanyi ba a tanada wa yawancinsu ba. Farko abin kamar zai yiwu, ana kama fursunoni dubu ɗari-ɗari. Amma ranar 11 ga Agusta shugaban hafsoshin sojan ƙasa Franz Halder ya rubuta a littafinsa na kullum cewa sun yi lissafin runduna kusan 200, ga shi sun riga sun ƙirga 360, in aka hallaka goma sha biyu sai wasu goma sha biyun su ɓullo. Sobiyet ta kwance masana'antu kusan 1,500 ta loda a jirgin ƙasa zuwa tsaunukan Ural da bayansu, suka ci gaba da ƙera tankoki inda jirgin Jamus ba ya kaiwa. Kuma zaluncin da sojansa da 'yan SS, dakarun jam'iyyarsa ta Nazi, suka yi a ƙauyuka ya sa hatta waɗanda suka tsani Sitalin, irin mutanen Yukiren da yunwar 1932 zuwa 1933 ta cinye danginsu, da yawa suka ga ba su da zaɓi sai faɗa. 5 ga Disamba a bakin Mosko aka juyo da su. Tarayyar Sobiyet ta rasa rai kusan miliyan 27 kafin a gama, amma ba ta rushe ba.

Na Amurka shi ya fi ba ni mamaki har gobe. Japan ta kai hari Pearl Harbor, sansanin jiragen ruwan yaƙin Amurka, 7 ga Disamba 1941, yarjejeniyar da ke tsakanin Jamus da Japan ba ta tilasta masa shiga ba tunda Japan ce ta fara, amma 11 ga wata shi da bakinsa ya shelanta yaƙi da Amurka, kwana shida bayan an fara korar sojansa daga Mosko. Lissafinsa shine ai Roosevelt shugaban Amurka tun Maris yake ba Ingila makamai bashi, jiragen ruwansu ma suna ta arangama da nasa a Atilantika, yaƙin na zuwa ko ya so ko bai so ba, gara ya sakar wa jiragensa na ƙarƙashin ruwa mara, Japan kuma za ta riƙe Amurka a can gabas har ya gama da Rasha. Sannan yana raina su, yana ganin mutanen jin daɗi ne masu ƙera firji da motar hawa. Abin da ya yi kawai shine ya sauke wa Roosevelt nauyin shawo kan majalisa da jama'ar da ba sa son yaƙin Turai, aka kuma tsaya kan cewa Jamus za a fara gamawa da ita. A 1944 kaɗai Amurka ta ƙera jiragen sama kusan 96,000, Jamus a shekarar da ta fi ƙoƙari kusan 40,000.

TAMBAYA: Malam an sake samun irin wannan bayan Hitila kuwa? Daga wani ɗan'uwa.

AMSA: An samu. Janar Galtieri na Ajantina ya mamaye tsibiran Falkland da ke ƙarƙashin Ingila ranar 2 ga Afirilu 1982 yana zaton Ingila ba za ta turo jiragen ruwa tafiyar kilomita kusan 13,000 saboda tsibiran da mutanensu ba su kai 2,000 ba, Thatcher firaministar Ingila ta turo, 14 ga Yuni sojansa suka miƙa wuya, kwana kaɗan ya sauka. Sai Saddam Husaini, da ya gana da jakadiyar Amurka April Glaspie ranar 25 ga Yuli 1990 ta ce masa ƙasarta ba ta da ra'ayi kan rikicin iyaka tsakanin Larabawa, kuma a rubutun ganawar da Iraƙi ta fitar ya ce Amurkawa ba za su jure rasa mutum 10,000 a gwabzawa ɗaya ba. 2 ga Agusta ya shiga Kuwaiti. Ƙasashe sama da 30 suka taru a kansa har da Masar da Siriya da Saudiyya, 17 ga Janairu 1991 aka fara ruwan bama-bamai, yaƙin ƙasa awa 100 ya ɗauka. Ban ce girman laifinsu ɗaya da na Hitila ba, ko kusa, amma makantar iri ɗaya ce.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, duk Jamus da iliminta ba a samu wanda zai ce masa kai wannan hanyar ba za ta ɓulle ba? Daga wani dattijo mai bibiyar wannan shafi.

AMSA: Baba an samu, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi ci min rai. Ranar 5 ga Nuwamba 1937 ya tara 'yan ƙalilan ya bayyana musu niyyarsa kan Ostiriya da Cekoslobakiya, ministan yaƙi Blomberg da kwamandan sojan ƙasa Fritsch da ministan waje Neurath suka nuna tsoron Ingila da Faransa za su shigo. Zuwa Fabrairun 1938 duk ukun ba sa kan kujerunsu, biyun farko ta hanyar tonon silili da ƙage, shi da kansa ya karɓi ragamar soja, ya ɗora Ribbentrop a ma'aikatar waje. Wannan Ribbentrop ɗin ya yi jakada a Landan daga 1936 zuwa 1938, bai yi farin jini a can ba ya dawo da ƙullaci, shi ne ya yi ta tabbatar masa a 1939 cewa Turawan Ingila ba za su yi faɗa saboda Folan ba. Jakadan da ke Landan a lokacin, Dirksen, yana aiko rahoto cewa wannan karon da gaske suke, da ya dawo Balin a Agusta ministan ko ganinsa bai yi ba. Ciano ministan wajen Italiya, surukin Musolini, ya zo Salzburg a watan nan ya faɗa musu ƙarara cewa abin ba zai tsaya a Folan ba, ba wanda ya saurare shi. Schacht na babban banki da ya yi ƙorafi kan kuɗin da ake narkarwa a makamai an sallame shi tun Janairun 1939.

Kun ga Baba, ba wai bayanin babu ba ne, yana nan a takarda, amma duk wanda ya kawo shi sai ya rasa kujera, wanda ya kawo mai daɗin ji sai a ƙara masa girma, to ma'aikata ba wawaye ba ne, sun gane abin da ake so. Kuma nasarorin farko sun kashe bakin masu gargaɗi, don in ka ce a yi hattara a Rhineland aka sha, ka ce a Munik aka sha, ka ce a Faransa aka ci ta cikin sati shida, wa zai sake jinka?

Wanda ya fi tsayawa shi ne Janar Ludwig Beck, shugaban hafsoshin sojan ƙasa kafin Halder. A 1938 ya yi ta rubuta takardu yana cewa harin Cekoslobakiya zai jawo Faransa da Ingila, bayansu kuma akwai arzikin Amurka, kuma Jamus ba za ta ci dogon yaƙi ba. Ya nemi sauran janar-janar su ajiye aiki tare gaba ɗaya, suka noƙe, ya ajiye shi kaɗai a Agustan 1938, wata ɗaya bayan nan aka yi Munik kowa ya ce tsoho ya cika tsoro. Yana cikin waɗanda suka shirya kashe Hitila da bam ranar 20 ga Yuli 1944, abin bai yi nasara ba, a daren aka kashe shi a hedikwatar soja da ke Balin, a lokacin sojan Amurka da Ingila suna Normandi a arewacin Faransa, na Sobiyet kuma suna dab da shiga tsakiyar Folan.

Sauran wasiƙun da suka shafi Japan da Italiya sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.